Ibn Khaldun: Alƙalin da ya bi diddigin abin da ke haɗa al'umma da abin da ke wargaza ta

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, an datse gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin. Manyan motoci suka yi cirko-cirko a ɓangarorin biyu, kaya na lalacewa a cikinsu. Amma mutane ba su daina tsallaka kogin Kwara ba. 'Yan fito suka dawo da kwale-kwalensu, 'yan kabu-kabu na jira a gaɓa, ɗan kasuwa daga Kamba ta jihar Kebbi kuma ya ci gaba da aika kuɗi ga abokin cinikinsa na Malanbil ba takarda ba sa hannu, kaya su iso.

Me ya riƙe wannan hulɗa bayan hukuma ta janye hannunta? Me ya sa mutum ke damƙa jarinsa ga wani don kawai garinsu ɗaya ko maigidansu ɗaya? Irin tambayoyin da ilimin zamantakewa ke yi ke nan, fannin da a jami'a ake kira soshiyoloji.

A makarantar koyon aikin jarida da na yi, darasin ya fara ne daga Bafaranshen nan Auguste Comte, wanda ya yaɗa sunan fannin wajen 1838, sai Karl Marx da Émile Durkheim da Max Weber. Sunan Ibn Khaldun sau ɗaya ya gifta, shi ma a gefen allo. Alhali shekara 460 kafin Comte wannan malami na mazhabar Malikiyya ya zauna ya ce ya gano wani sabon ilimi mai cin gashin kansa, wanda abin bincikensa shi ne zaman tare na 'yan Adam. Ya kira shi ilmul umran.

Bai samo ilimin a ɗakin karatu kaɗai ba. Ya yi wa sarakuna da yawa aiki, ya juya wa wasunsu baya, ya sha ɗauri, ya ga an kashe amininsa da ƙanensa. Littafinsa ba ya fahimtuwa sosai sai an san wannan rayuwa.

Annobar da ta mayar da shi maraya

An haifi Abdurrahman bin Muhammad bin Khaldun a birnin Tunis ranar 1 ga Ramadan 732 bayan Hijira, wato 27 ga Mayun 1332. Danginsa na danganta kansu da Hadramaut ta Yemen, amma sun yi ƙarnoni a Andalus, inda suka zama manya a birnin Ishbiliya, Sebiya ta Sifaniya a yau. Sun bar birnin dab da faɗawarsa hannun Kiristoci a 1248, suka yada zango a Tunis ƙarƙashin sarakunan Hafsawa. Gida ne na 'yan gudun hijira masu ilimi da sarauta. Kakan babansa ya riƙe baitulmali, kuma wani da ya ƙwace mulki ya kashe shi a 1283. Baban Abdurrahman kuwa ya guje wa fada, ya rungumi karatu.

Yaron ya haddace Alƙur'ani, ya karanci Muwaɗɗa da fiƙihu da nahawu da waƙoƙin Larabawa. A 1347 sarkin Maroko Abul Hasan ya ci Tunis da yaƙi, ya zo da ayarin malamai. Cikinsu akwai Al-Abili, wanda ya koya wa matashin lissafi da manɗiƙi da falsafa, ya kuma fi kowa tasiri a tunaninsa.

Sai annoba ta sauka. Cutar da Turawa ke kira baƙar mutuwa ta shiga Tunis a 1348, ta tafi da mahaifinsa da mahaifiyarsa da yawancin malamansa, yana ɗan kimanin shekara 17. Daga baya ya bayyana yadda garuruwa suka zama kufai, hanyoyi suka shafe, dauloli suka raunana, kamar an naɗe duniyar da ya sani an shimfiɗa wata. Mutumin da ya ga haka da ƙuruciya ba zai ɗauki zaman al'umma a matsayin abin da ba ya canzawa ba.

Daga fada zuwa kurkuku, daga kurkuku zuwa fada

Aikinsa na farko a fadar Tunis, yana ɗan shekara 20, shi ne rubuta kalmomin godiya ga Allah da manyan baƙaƙe a saman wasiƙun sarki. Bai daɗe ba ya sulale ya nufi yamma. A 1354 ya isa Fas, fadar Sarki Abu Inan, inda ya zama magatakarda. A 1357 aka zarge shi da ƙulla makirci tare da wani yariman Hafsawa da ke tsare a birnin, aka jefa shi kurkuku kusan shekara biyu, sai da sarkin ya mutu ya fito. Nan take ya sake tsunduma cikin siyasa, ya taimaka wa Abu Salim ya hau gado a 1359, ya samu muƙamin sakataren sirri da na sauraron koke-koken talakawa. Da aka kashe Abu Salim, ya tsallaka teku zuwa Garnaɗa a ƙarshen 1362.

Sarkin Garnaɗa Muhammad na Biyar ya tura shi jakadanci a 1364 wurin Pedro, sarkin Kastila, a Ishbiliya, garin kakanninsa. Pedro ya yi masa tayin mayar masa da dukiyar gidansu idan zai zauna ya yi masa aiki. Ya ƙi. Amma zaman Garnaɗa ma bai ɗore ba, don kishi ya shiga tsakaninsa da amininsa, waziri kuma marubuci Ibnul Khaɗib.

Yariman nan da aka ɗaure shi saboda shi ya karɓi mulkin Bijaya, a gaɓar tekun Aljeriya ta yau, ya kira shi, a 1365 ya naɗa shi babban waziri. Da safe yana fada, da rana yana karantarwa a masallaci. Shekara ɗaya kacal aka yi, ɗan'uwan sarkin da ke Kusanɗina ya kawo yaƙi ya kashe shi. Ibn Khaldun ya buɗe ƙofar gari ya miƙa wa mai nasara.

Masu sukarsa na kafa hujja da wannan su ce mutum ne marar amana, kuma da wuya a wanke shi tas. Abin da za a iya cewa shi ne a Magrib ta wancan zamani kusan kowane bafade haka yake rayuwa, wanda bai iya ba kuwa kansa ne a faranti. Ibnul Khaɗib shaƙe shi aka yi a kurkukun Fas. Yahaya, ƙanen Ibn Khaldun, wanda shi ma marubucin tarihi ne, an kashe shi a fadar Tilimsan.

Shekarun da suka biyo bayan Bijaya su ne makarantarsa ta gaskiya. Ya zauna a yankin Biskara cikin Larabawan daji, sarakunan Tilimsan da na Fas na aika shi ya tattaro musu mayaƙa daga ƙabilu, wani lokaci ya karɓo haraji a tsaunuka. Ya kwana a tantunansu, ya ga yadda shugaban ƙabila ke jan dubban mutane ba shi da kurkuku ba shi da dogari, ya kuma ga sarakunan birni masu ganuwa da taskar zinariya suna roƙon waɗannan makiyaya su zo su tsare musu gadon sarauta.

Wata biyar a Ƙal'at Ibn Salama

A 1375 ya gaji. Ƙabilar Aulad Arif ta ba shi mafaka tare da iyalinsa a wani sansani da ake kira Ƙal'at Ibn Salama, kusa da Firanda a yammacin Aljeriya. Ya yi kusan shekara huɗu a can, nesa da manyan ɗakunan littattafai. Niyyarsa rubuta tarihin Larabawa da Barbar ne, Kitabul Ibar. Gabatarwar littafin, Muƙaddima, ita ce ya zuba a takarda cikin wata biyar a 1377, yana ɗan shekara 45, ya kuma ci gaba da gyara ta har ƙarshen rayuwarsa.

Matsalar da ya fara da ita ta ɗan jarida ce: yaya za a bambance labarin gaskiya da na ƙarya? Ya lissafa abubuwan da ke sa ƙarya shiga tarihi, kamar son zuciya ga wani ɓangare, da yarda da mai ba da labari ido rufe, da fadanci ga masu mulki. Amma babban dalili a wurinsa shi ne jahiltar yadda al'umma ke aiki. Duba amincin maruwaita ya dace da hadisi. Idan kuwa labarin yaƙi ne ko na dukiya, a fara da tambayar ko abin ma zai iya faruwa.

Ya ba da misali da masu tarihi irin su Mas'udi da suka ce rundunar Banu Isra'ila a zamanin Annabi Musa ta kai mayaƙa 600,000. Ya tambaya wace ƙasa ce za ta ciyar da su, wane fili zai ɗauke su, kuma yaya kwamanda zai sarrafa sahun da ya fi ƙarfin ganinsa. Ya tuna cewa Farisa da duk girmanta mutum 120,000 ta tara a yaƙin Ƙadisiyya. Duk wanda ya taɓa karɓar saƙon WhatsApp mai ɗauke da adadin mamata ko na biliyoyin da aka sace ya san amfanin wannan tambaya.

Don a iya yin irin wannan tantancewa, in ji shi, sai an san dokokin zaman tare. Tushen farko shi ne mutum ba ya iya rayuwa shi kaɗai. Ko abincin yini guda na alkama yana buƙatar niƙa da kwaɓi da gashi, kowanne na buƙatar kayan aikin maƙeri da kafinta da maginin tukwane, kafin a zo ga shuka da girbi da sussuka. Idan mutane suka haɗa hannu suka raba aiki, abin da za su samar ya ninka buƙatarsu, rarar kuma ita ke haifar da sana'o'i da kasuwa da birni. Tushe na biyu, tunda mutane na zaluntar juna, dole a samu mai hanawa, wato hukuma.

Daga nan ya raba zaman mutane gida biyu: badawa, rayuwar daji da ƙauye inda ake neman abin da ya zama dole kawai, da hadara, rayuwar birni mai yalwa da ƙawa. A ganinsa bambancin halayen mutane ya samo asali ne daga bambancin hanyar neman abincinsu, kuma mutum ɗan abin da ya saba ne fiye da ɗan jininsa. Marx zai zo da magana mai kama da wannan bayan kusan shekara 470.

Mece ce asabiyya?

Ga mai karatun Hausa kalmar na da wari, domin a wa'azi asabiyya na nufin ƙabilanci da goyon bayan naka ko da shi ne azzalumi. Ibn Khaldun ya san da haka, malamin fiƙihu ne. Ya ɗauki kalmar ya ba ta aiki na bincike: ƙarfin da ke sa jama'a su ji su abu ɗaya ne, har mutum ya ji zafin wulaƙancin da aka yi wa ɗan'uwansa kamar shi aka yi wa, ya yarda ya mutu a kansa. Abin da addini ya hana, a fahimtarsa, shi ne amfani da wannan ƙarfi a kan ɓata.

Asalinta zumuncin jini ne, amma bai tsaya nan ba. Ya ce ƙawance da barantaka da daɗewar zama tare na haifar da irin wannan ɗauri, har ma ya nuna cewa salsala kanta abu ce da mutane ke rayawa a zuci, amfaninta kawai haɗin da take kawowa. Wannan na cikin maganganunsa mafi zurfi, kuma Bahaushen da ke zango a Kumasi ko Sabo ta Ibadan ya san ta a aikace. Baƙo ya sauka wurin maigida, ya zama yaronsa, a ba shi kaya bashi, bayan shekaru a ba shi mata, 'ya'yansa su tashi 'yan gida. Masanin zamantakewa Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 cewa cinikin shanu da goro na Hausawan Sabo a kan irin wannan amana ta masu gida ya tsayu. Mai binciken ƙasa Olivier Walther, wanda ya yi aiki a kasuwannin Gaya da Malanbil da Kamba, shi ma ya tarar cewa harkar kan iyaka tana tafiya ne ta hannun manyan iyayen gida da yaransu, da yawansu kuma baƙi ne da suka zo daga wasu garuruwa.

Ga yadda Ibn Khaldun ya ga juyin tarihi. Mutanen daji, saboda wahala da rashin ganuwa, asabiyyarsu na da ƙarfi. Idan suka samu shugaba, musamman idan kiran addini ya haɗa zukatansu ya kawar da hassadar da ke tsakaninsu, sai su ci birni su kafa daula. Tsara ta farko na riƙe da taurin daji, kuma ana raba ɗaukaka tsakanin kowa. A tsara ta biyu sarki ya keɓe mulki ga kansa, ya ture 'yan'uwan da suka yi yaƙin tare, ya jawo bayi da sojan haya. Tsara ta uku ta tashi cikin daɗi, ba ta san yunwa ko kare kai ba, ta zama nauyi a kan baitulmali. Ya ƙiyasta kowace tsara shekara 40, don haka daula kan yi kimanin shekara 120 kafin wasu sababbin mutanen daji su ƙwanƙwasa ƙofa.

Haka ya ce game da gida mai daraja, cewa yakan ƙare a uba na huɗu. Na farko ya gina, ya san wahalar da ya sha. Ɗansa ya gani da ido ya koya. Jika ya yi kwaikwayo. Na huɗu ya ɗauka girman haƙƙinsa ne na jini, ya raina waɗanda suka ɗaga gidan, su kuwa su watse su bar shi. Ba sai an je fada ba, a kowace babbar kasuwa akwai shagon da aka rufe bayan rabon gado.

Durkheim a 1893 ya bambanta haɗin kan mutanen da suka yi kama da juna, irin na ƙauye, da haɗin kan mutanen da rabon aiki ya sa kowa ke buƙatar kowa, irin na birni. Kamar da ke tsakaninsu a fili take. Inda suka rabu shi ne Durkheim na ganin birni na ƙirƙiro sabon ɗauri, Ibn Khaldun kuwa na ganin birni na cinye ɗaurin da ya zo da shi.

Shin ra'ayin ya yi aiki a ƙasashenmu? Gidan Askiya ya karɓi Songhai a 1493, 'ya'ya da jikoki suka yi ta tumɓuke juna, yaƙin basasa ya ɓarke a 1588, sojojin Maroko suka murƙushe su a Tondibi a 1591. Shekara 98. Waɗanda suka tsira suka gangaro Dandi, yankin da Gaya take, inda Askiya Nuhu ya ci gaba da turjiya. Daular Usmaniyya ta fara da jihadin 1804, Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903. Tun jihadin bai yi nisa ba Abdullahi ɗan Fodiyo ya koka da yadda son mulki da dukiya ya shiga jama'a, har ya bar rundunar a 1807 ya nufi gabas, ya tsaya a Kano.

Sai dai kada lissafin ya ruɗe mu. Daulolin biyu bindigar baƙi ce ta kayar da su. Gidan Saifawa kuma ya mulki Kanem da Borno fiye da shekara 700, har zuwa 1846. Ibn Khaldun ya gina ra'ayinsa ne a kan Magrib, inda sahara ke bakin ƙofar kowane birni, kuma shi kansa ya lura cewa Masar, wadda ba ta da ƙabilu masu ƙarfi, ta fi sauƙin mulki.

Haraji da sarki ɗan kasuwa

Babin da ya fi shafar garin kan iyaka shi ne na haraji. A farkon daula, in ji shi, kuɗin da ake ɗora wa mutum kaɗan ne amma abin da ake tarawa da yawa, domin mutane na da ƙwarin gwiwar noma da ciniki. Da buƙatun fada suka ƙaru sai a ƙara haraji, a ƙirƙiro kuɗin ƙofa da na kasuwa, har riba ta daina biyan wahala. Mutane su janye hannu, abin da ake tarawa ya ragu, a sake ƙarawa. Shugaban Amurka Ronald Reagan ya ambaci sunansa a 1981 don kare rage haraji, ko da yake Ibn Khaldun ya kuma ce hukuma ita ce babbar kasuwa, idan ta ƙulle kuɗi ta daina kashewa ciniki ya mutu. Wannan rabin ba a cika jin sa ba.

Ya yi gargaɗi a kan sarkin da ke shiga kasuwanci da kansa, domin babu ɗan kasuwar da zai iya gasa da mai iko, kuma asarar harajin da za ta biyo baya ta fi ribar. Zalunci a wurinsa ya haɗa da ƙwace dukiya da aikin tilas da tilasta wa mutane saye ko sayarwa a farashin da ba su so, kuma sakamakonsa rushewar gari. Ya lura cewa wanda aka ci da yaƙi kan kwaikwayi wanda ya ci shi a tufafi da ɗabi'a, don yana zaton kamala ce ta ba shi nasara. Ya ce dukan yara a makaranta na koya musu ƙarya da munafunci.

Abin da ya rubuta game da ƙasar baƙar fata

Bai taɓa tsallaka sahara ba, amma ya yi tambaya. A Biskara a 1353 ya haɗu da jakadan sarkin Takadda, wanda ya ba shi labarin ayarin raƙuma 12,000 da ya ratsa garinsu zuwa Mali a shekarar. Yana Fas lokacin da jakadun Mali suka iso da kyautar raƙumin dawa a ƙarshen 1360, gari ya fito kallo. Ya yi hira da wani mutumin Sijilmasa da ya yi alƙalanci a Gao, a Alƙahira kuma da Shehu Usman, wani faƙihi daga ƙasar tsohuwar Gana, a 1394. Daga bakinsu ya tsara jerin sarakunan Mali tun daga Mari Jata, wanda ake ɗauka shi ne Sunjata, har bayan Mansa Musa. Masu tarihi har yau a kan jerin nan suke dogara. Shi ne ya kawo labarin Mari Jata na Biyu, almubazzarin da ya sayar wa 'yan kasuwar Masar wani ƙaton curin zinariya na gado da araha, daga baya ciwon barci ya kashe shi.

Akwai kuma abin da ba shi da daɗin karantawa. Ya karɓi tsohon ra'ayin Girkawa na raba duniya yanki bakwai bisa zafi da sanyi, ya kuma rubuta kalamai na ƙasƙanci game da baƙaƙen da ke can kudu, har ya siffanta su da saurin miƙa wuya ga bauta. Mutumin da ya koya wa duniya tantance labari ya haɗiye jita-jitar fatake a kan mutanen da bai taɓa gani ba. A gefe guda ya ƙaryata tatsuniyar cewa baƙar fata la'ana ce da ta bi zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu, ya ce zafin rana ne sanadi. Ahmad Baba na Tumbuktu ya kafa hujja da shi a amsar da ya ba mutanen Tuwat a 1615 kan bauta, inda ya lissafa Kano da Katsina da Gobir da Borno da Songhai cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba.

Alƙahira, da ganawa da Taimur

Ya koma Tunis a ƙarshen 1378 don neman littattafai, ya tarar da adawar babban malamin birnin, Ibn Arafa. A 1382 ya nemi izinin tafiya Hajji, ya shiga jirgin ruwa zuwa Iskandariyya, bai sake komawa Magrib ba. Ya karantar a Azhar, Sarki Barƙuƙ ya naɗa shi babban alƙalin Malikiyya a 1384. Ya shiga yaƙi da shaidun zur da masu cin dukiyar waƙafi, ya ƙi karɓar alfarmar manya, ya tara maƙiya. A shekarar ce jirgin da ya ɗauko iyalinsa daga Tunis ya nitse kusa da Iskandariyya, matarsa da 'ya'yansa mata suka rasu. A tarihin rayuwarsa da ya rubuta da kansa, layuka kaɗan ya ba wannan musiba. Ya sauke farali a 1387.

Halinsa na siyasa bai bar shi ba. A tawayen 1389 ya sa hannu a fatawar da aka fitar a kan Barƙuƙ, mutumin da ya ɗaukaka shi, da sarkin ya dawo mulki kuma ya rasa wani babban muƙami. Sau shida ana naɗa shi alƙali, sau biyar ana sauke shi. Duk tsawon zamansa a Masar bai daina sa alkyabbar mutanen Magrib ba.

A ƙarshen 1400 ya raka Sarki Faraj, ɗan Barƙuƙ, zuwa Dimashƙu don tarar Taimur Gurgu, wanda ya riga ya ragargaza Halab. Sarkin ya ji ƙishin-ƙishin juyin mulki a gida, ya juya ya bar birnin a kewaye. A watan Janairun 1401 aka zuro Ibn Khaldun da igiya daga saman ganuwa, yana ɗan shekara 68, ya tafi sansanin Taimur. Sun yi kimanin kwana 35 suna ganawa ta bakin tafinta. Ya kai masa kyautar Alƙur'ani da darduma da kwafin Burda da alewar Masar, ya yi masa bayanin asabiyya, ya kuma rubuta masa bayanin ƙasashen Magrib kamar yadda ya nema. Taimur ya sayi alfadarinsa. Malamin ya samo wa wasu abokansa takardar aminci, amma birnin bai tsira ba, an washe shi, Masallacin Umayyawa ya ƙone. A hanyar komawa 'yan fashi suka tuɓe shi. Da ya isa Alƙahira ya aika wa sarkin Fas wasiƙa yana ba shi labarin Taimur da ƙarfin rundunarsa.

Ya rasu a Alƙahira ranar 17 ga Maris 1406, cikin Ramadan na 808, 'yan makonni bayan naɗinsa na shida. An binne shi a maƙabartar Sufaye da ke wajen Babun Nasr.

Ɗalibinsa Maƙrizi ya ɗauki wani abu na hanyarsa, amma sabon ilimin bai samu magada ba. Masu tarihin daular Turkiyya irin su Katib Celebi da Na'ima ne suka farfaɗo da shi a ƙarni na 17 da farkon na 18, suna neman dalilin raunin daularsu. An buga Muƙaddima a Bulaƙ ta Masar a 1857 da Paris a 1858, De Slane ya fassara ta zuwa Faransanci a shekarun 1860, Franz Rosenthal zuwa Ingilishi a 1958. Marubucin Masar Ɗaha Husain ya fara digirinsa na uku a kanta a Sorbonne ƙarƙashin Durkheim, wanda ya mutu a 1917 kafin a kammala, kuma Ɗaha Husain bai yarda a kira Ibn Khaldun masanin soshiyoloji kai tsaye ba. Muhawarar na nan har yanzu: wasu na ganin uban fannin ne, wasu na cewa faƙihi ne na ƙarni na 14 da ake ɗora wa rigar zamani.

A 1396 ya aika kwafin Kitabul Ibar daga Alƙahira zuwa Fas, garin da aka taɓa ɗaure shi, a matsayin waƙafi ga ɗaliban masallacin Ƙarawiyyin. Wani ɓangare na kwafin, ɗauke da rubutun hannunsa, yana ɗakin littattafan masallacin har yau.